Ƙasa Ba Ta Faɗuwa? Karayar Tattalin Arziki da Cinikin Gonaki da Fulotai a Karkarar Kano da Jigawa

Akwai maganar da dillalan filaye ke yawan yi a Gezawa da Wudil da Ringim da duk inda ake cinikin ƙasa, cewa ƙasa ba ta faɗuwa, kuma wanda ya zuba kuɗinsa a cikinta ba ya asara ko da me zai faru. Idan farashi kaɗai aka duba, da wuya a ƙaryata su, domin daga 2016 zuwa yau Nijeriya ta shiga karayar tattalin arziki sau biyu, naira ta zube ba sau ɗaya ba, amma ba a cika jin fulotin da aka saya naira dubu 500 an dawo ana tallarsa dubu 300 ba. Sai dai farashin da ake faɗa da baki dabam, halin da kasuwa ke ciki dabam. A wajenmu matsi ba ya karya farashin ƙasa a fili kamar yadda yake yi a Turai da Amurka. Abin da yake yi shi ne ya tsayar da ciniki, ya cinye darajar kuɗin da aka karɓa ba tare da mai shi ya ankara ba, sannan ya kwashe gonaki daga hannun masu ƙaramin ƙarfi zuwa hannun waɗanda ke riƙe da tsabar kuɗi a lokacin da kowa ke nemansu.

A ma'aunin masana, ƙasa ta shiga karaya idan jimillar abin da take samarwa ta ragu a zango biyu na wata uku-uku a jere. Haka ta faru a 2016, bayan gangar ɗanyen mai da ake sayarwa sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a watan Janairun 2016, ga kuma fasa bututun mai a yankin Neja Dalta da ya rage yawan abin da ake haƙowa. Tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi 1.6 cikin ɗari a wannan shekara, bai farfaɗo ba sai zango na biyu na 2017. Karo na biyu shi ne 2020, lokacin kullen korona, inda aka sami raguwar kashi 6.1 tsakanin Afrilu da Yuni, aka kuma fita da ƙyar a ƙarshen shekarar. Abin lura a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa shi ne sashen gidaje da filaye ya fi sauran tattalin arzikin shan wuya, ya ragu da kusan kashi 7 a 2016, kuma bai tashi tare da sauran ba, ya ci gaba da raguwa shekara bayan shekara har zuwa 2020. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abinci da magani ba sa jira, amma sayen fili da gini suna jira, don haka su ne farkon abin da magidanci ke ajiyewa idan hannu ya bushe, su ne kuma na ƙarshe da yake komawa kansu. Waɗannan alƙaluma, ya kamata a tuna, galibi labarin Abuja da Legas da manyan birane suke bayarwa, cinikin gonar da aka ƙulla a zauren mai unguwa a Taura ba ya shiga littafin kowa.

Abin da ya biyo bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, da sakin naira a watan Yunin da ya biyo baya, ba a lissafa shi a karaya, tunda a takarda tattalin arzikin ya ci gaba da ƙaruwa da kusan kashi 3. Amma dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 a ƙarshen shekarar, kuma duk mutumin ƙauyen da ka tambaya zai ce maka wannan ya fi na 2016 zafi. Ga kasuwar ƙasa, sakamakonsu iri ɗaya ne, don haka babu dalilin raba su a wannan sharhi.

A ƙasashen da farashin gida ke rushewa, bashi ne ke rushe shi. Yawancin mutane a can da kuɗin banki suke sayen gida, su biya a shekara 20 ko 30, gidan kansa yana matsayin jingina. Idan aiki ya tafi, biya ya tsaya, banki ya ƙwace gidan ya sa shi a gwanjo, gwanjon ya karya darajar gidajen maƙwabta, bankuna su tsorata su daina ba da sabon bashi, masu saye su ƙara raguwa. Wannan ne ya faru a Amurka daga 2006, ya kai ƙololuwa da rushewar bankin Lehman Brothers a watan Satumban 2008. Miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, farashi ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a faɗin ƙasar kafin ya tsaya a 2012. A ƙasar Ailan faɗuwar ta kai wajen rabi.

Mu ba mu da wannan sarƙa. Bashin sayen gida a Nijeriya bai kai kashi 1 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar ba. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashinsa dominsa, ko ma'aikatan ma kaɗan ne suka taɓa samun gida ta hanyarsa, balle manomin Gagarawa. Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, wato mai karɓar bashi daga bankin kasuwanci zai biya wajen kashi 30, ga shi kuma jama'a da yawa ba sa kusantar bashi mai ruwa ko da araha ne, saboda addini. Fili a nan da kuɗi hannu ake sayensa, gida kuma da kaɗan-kaɗan ake gina shi, wani lokaci shekara goma. Tunda babu bankin da zai tilasta wa mutum sayarwa, kuma riƙe filin ba ya cin masa komai, hasali ma yana iya watsa wake ko gyaɗa a cikinsa da damina, mai fuloti idan bai sami farashin da yake so ba sai ya janye. Ya ji labarin na maƙwabcinsa an sayar miliyan biyu bara, nasa ba zai yi ƙasa da haka ba, ko da kuwa wata shida ke nan babu wanda ya zo ya taya.

To a nan ne karayar take bayyana, a yawan cinikin da ake yi. Dillalin da ke rayuwa a kan la'ada shi ya fi kowa saninta, domin zai wuni a rumfa da jerin filaye a wayarsa, kowanne da farashinsa mai tsauri, babu ko ɗaya da ke motsi. Sannu a hankali kasuwar takan rabu gida biyu. Akwai farashin talla, wanda kowa ke ji kuma ba ya sauka, akwai kuma farashin da ake raɗa wa mai kuɗi a kunne idan dillali ya ce masa, “Alhaji, akwai wani wuri, mai shi a matse yake, yau yake son kuɗi.” Wannan na biyun shi ne ainihin farashin kasuwa a lokacin matsi, kuma ba a yayata shi, saboda mai sayarwa yana jin kunya, mai saye kuma ba ya son a ce ya ci da gumin mabuƙaci.

Ko wanda ya sami farashin da ya nema, ba lallai ne ya ci riba ba. A ɗauki misali da mutumin da ya sayi fuloti naira miliyan 1 a farkon 2023, ya sayar miliyan 1.8 a ƙarshen 2024. A bakin unguwa za a ce ya ci dubu 800. Amma miliyan ɗayan da ya fitar tana daidai da fiye da dala 2,100 a farashin hukuma na wancan lokaci, abin da ya karɓa kuwa bai kai dala 1,200 ba. Idan dala ta yi wa mai karatu nisa, a auna da siminti: lokacin da buhu yake wajen naira 4,500, kuɗinsa na farko za su sayi buhu fiye da 200, amma bayan buhu ya ninka, ribar da uwar kuɗin gaba ɗaya da ƙyar su kai wannan adadin. Idan aka auna da masara ko gero, waɗanda farashinsu ya ninka fiye da sau biyu a tsakanin, asarar ta fi fitowa. Wato darajar ƙasar ta faɗi, hauhawar farashi ce ta rufe faɗuwar. Duk da haka, wanda ya bar miliyan ɗayansa a banki ya fi wannan mutumin asara nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ya sa a daidai lokacin da ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa ke ficewa daga kasuwar fili, masu manyan kuɗi ke rububin shigarta, ba don suna son gini ko noma ba, sai don su tsere wa narkewar naira.

Sai a tambaya daga ina kuɗin sayen ƙasa ke zuwa ƙauye tun farko, domin manomi ba kasafai yake sayen gona da kuɗin gero ba. Suna zuwa ne daga ma'aikacin da ya ɗauki adashi ko ya karɓi kuɗin sallama, da ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau da ke son ya mallaki wani abu a garinsu, da ɗan kwangila da ɗan siyasa, da masu fataucin shanu na Maigatari da Wudil, da ɗan ci-rani a Legas ko Fatakwal, da waɗanda ke aikatau a Saudiyya. Kusan duk waɗannan hanyoyi a kan kuɗin mai da dala suke tsaye. Da kason da ake raba wa jihohi ya ragu a 2015 da 2016, jihohi da dama a ƙasar suka kasa biyan albashi har sai da gwamnatin tarayya ta ba su tallafin ceto, kwangiloli suka tsaya, kuma a watan Yunin 2015 Babban Banki ya hana ba da dalar hukuma don shigo da kaya iri 41, ciki har da yadi da shinkafa da siminti da kwanon rufi. Ɗan Kwarin da jarinsa ya koma rabi a dala ba fili yake nema ba, hasali ma filin da ya saya a shekarun wadata shi zai fara sakewa don ya cike gurbin jari. Bayan 2023 abin ya ɗan sha bamban, domin kason jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru sosai a lissafin naira, don haka waɗanda ke kusa da gwamnati suka sami kuɗi a hannu a lokacin da saura ke kuka. Faɗuwar wani tashin wani.

Fulotan gefen gari su ne suka fi rauni, domin darajarsu a kan tsammani take. Duk wanda ya san Kano ya san yadda birni ke cinye gonaki. Ɗorayi da baturiyar nan mai bincike Polly Hill ta zauna a farkon shekarun 1970 tana nazarin manoma da gonakinsu, yau unguwa ce a cikin gari. Abin da ya sami Ɗorayi shi ke samun ƙauyukan Kumbotso da Ungogo da Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa, haka kuma kewayen Dutse tun da ta zama babban birnin jiha a 1991, musamman bayan kafa jami'ar tarayya a 2011. Mai awon igiya yakan sayi gona a hannun magada, ya biya rabi, ya kawo mai awo a ja igiya a binne duwatsu, a bar lungu da ƙyar mota za ta wuce, sannan ya riƙa sayar da fulotan ga malaman makaranta da direbobin adaidaita da matan aure masu adashi, biya kaɗan-kaɗan. Da kuɗinsu yake shirin cika wa magada. Idan matsi ya zo, masu biyan suka tsaya, shi ma ya tsaya, magada sun riga sun raba rabin da suka karɓa sun cinye, gona kuma an yanka ta gunduwa-gunduwa, ba ta nomuwa yadda ya kamata, ba a kuma gina ta ba. Irin wannan bashi, wanda ba na banki ba ne kuma babu hukumar da ta san da shi, shi ne ɗan abin da muke da shi mai kama da sarƙar Amurka, kuma rigingimunsa a gaban dagaci da alƙali suke ƙarewa. Haka nan filayen da aka yi rububinsu a Dambatta da Kazaure saboda layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, darajarsu tana bin saurin aikin ne, aikin kuma yana bin aljihun gwamnati da bashin waje.

Gini shi ma yana tsayawa, kuma shaidarsa ita ce kangayen da suka kai linta suka daskare a bakin kowace hanya. Simintin da muke amfani da shi daga Obajana a Kogi da Sakkwato da Ashaka a Gombe ake kawo shi a tirela, don haka tsadar man dizal tana hawa kansa kafin ya iso Hadeja ko Gumel. Rodi da kwano da fenti kuwa dala suke bi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne wanda ke shan zafin tsayawar ginin birni. Birkila da lebura da masu buga bulo da masu loda yashi a tifa, da yawansu 'yan ƙauye ne da ke zuwa ci-rani bayan an gama girbi, kuma kuɗin da suke komawa da shi gida a bazara shi ne kuɗin taki da na huɗa. Idan aka daina zuba kankare a Kano, wata gona a Jahun za ta kwana babu taki. Kasuwar haya kuwa a ƙananan garuruwa ba ta da faɗi, amma abin da ake gani a cikinta shi ne mai gida yana ƙara kuɗi saboda tsadar gyara, ɗan haya yana tara bashin wata da watanni, ƙarshe a yi sulhu a kan abin da bai gamsar da kowa ba.

Gona ce ta fi wuyar fahimta, domin ita matsi yana iya ɗaga darajarta da gaske, ba a baki kawai ba. Fuloti ba ya haifar da komai sai an gina shi, gona kuwa tana ba da abinci, abinci kuma shi ne abin da ya fi tsada a kowace karaya da muka shiga. Bayan 2016 gwamnati ta yi ta kiran a koma gona, shirin Babban Banki na ba manoma bashi da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya bazu, sannan aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, shinkafar gida ta yi daraja, injinan casa suka yawaita a Kano da Hadeja. Duk wanda ke da 'yan kuɗi a birni ya zama manomi. Filayen noman rani da ke shan ruwan madatsar Tiga a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da na kwarin Hadeja a yankin Auyo, suka zama abin wawaso, kuɗin hayarsu na kaka ɗaya ya yi ta hawa. Gonar tudu mai nisa da kwalta, wadda ruwan sama kaɗai take jira, ba ta sami wannan tagomashi ba sosai, don haka tazara tsakanin fadama da tudu ta ƙara faɗi.

Da za a yi zaton wannan alheri ne ga mai gona, kuma alheri ne ga wanda ke da ƙarfin nomata. Ƙaramin manomi kuwa tsadar hatsi ba ta amfanarsa, domin da kaka yake sayarwa lokacin da kasuwa ta cika, don ya biya bashi ya yi hidimar aure, sannan da damina ya koma kasuwar Gujungu ko Shuwarin yana awo da tiya a farashi mai tsada. Kayan noma sun fi abin da yake nomawa saurin tashi. Taki ya yi tsada tun yaƙin Rasha da Yukren a 2022, fetur ɗin da injin ban-ruwa ke sha ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 1,000 cikin shekara ɗaya da rabi bayan cire tallafin mai, ga ambaliyar 2022 da ta shafe gonaki a Ringim da Kafin Hausa da Hadeja da wasu sassan Jigawa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A irin wannan hali ciwo guda a gida, ko haihuwar da ta kai ga tiyata, ya isa ya tura magidanci bakin dillali.

Bahaushen ƙauye ba ya fara sayar da gona. Kaji ne ke fara tafiya, sai awaki da tumaki, waɗanda galibi na matan gida ne, sai babur, sai shanun huɗa, kuma daga ranar da shanun huɗa suka tafi noman badi ya riga ya raunana. Bayan waɗannan ne ake zuwa ga gona, ita ma ba da sunan sayarwa ba. Za a taru a zauren mai unguwa bayan la'asar, da shaidu biyu ko uku da wani ɗan makaranta mai rubutu. Mai gona zai ce, “Ranka ya daɗe, ba sayarwa nake yi ba, jingina ce, da kaka in Allah ya yarda zan fanshi abata.” Mai kuɗi zai amsa da, “Babu komai, Malam, duk ranar da ka samu gonarka tana nan.” A rubuta iyakoki, gabas gonar wane, yamma burtali, a dangwala yatsa, a yi fatiha. Daga wannan rana mai kuɗi ne ke noma gonar yana kwashe amfaninta, wanda ya jinginar kuma an ɗauke masa abin da zai noma ya sami kuɗin fansa. Badi sai ya dawo a ƙara masa wani abu a kai, baɗin-baɗaɗa ya sake dawowa, har ranar da za a ce to a yi wa gonar kuɗi a cika masa. A wannan rana babu taya babu gasa, mai saye ɗaya ne tal, wanda gonar ke hannunsa, kuma shi zai yanka farashi. A ganina wannan ita ce babbar hanyar da karayar tattalin arziki ke sauya mallakar ƙasa a karkara, kuma tana tafiya ne shiru, shekara biyu ko uku bayan an sanar a rediyo cewa ƙasa ta fita daga karaya.

Malamai da yawa sun daɗe suna gargaɗi a kan wannan nau'in jingina, bisa ƙa'idar cewa bashin da ya jawo wa mai shi amfani riba ne, amma buƙata ta fi ƙarfin wa'azi. Hauhawar farashi ta ƙara cakuɗa lamarin ta wata fuska. Wanda ya ba da dubu 200 a 2021, idan aka dawo masa da dubu 200 a 2024, abin da za su saya bai kai rabin na da ba, don haka sai ya ce ba zai karɓa ba sai an yi lissafi, mai gona kuma ya ce ai abin da aka rubuta ke nan, kuma ka ci amfanin damina uku. Kowannensu yana da hujja. Sakamakon haka masu kuɗi suka fi son haya ta shekara ɗaya ko saye kai tsaye, wato ƙofar da a da take ba talaka damar jinkiri ita ma tana ƙara ƙuncewa.

Gado ma matsi yana gaggauta rabonsa. Gandun da 'yan'uwa suka bari a haɗe shekara da shekaru saboda zumunci, da zarar waɗanda ke zaune a birni sun shiga wani hali sai su nemi a fitar musu da kasonsu a kuɗi. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato shi ya fi cancanta ya saya kafin bare, amma haƙƙin ba ya aiki sai da kuɗi, ɗan'uwan da ke ƙauye kuwa ba shi da su. Mata magada su suka fi cutuwa, domin kasonsu rabin na namiji ne, sau da yawa bai kai a noma shi shi kaɗai ba, sai a yi masa kuɗi a cikin gida a farashin da ba su da bakin musawa.

Doka ba ta taimaka wa mai rauni a nan. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, ta kuma ce diyya idan gwamnati ta karɓi fili ana biyan ta ne a kan abin da aka gina ko aka shuka, ba a kan ƙasar kanta ba. Mafi yawan manoma ba su da wata takarda da ta wuce ta mai unguwa, wasu ma shaidar dattawa ce kawai. Don haka gonar da ta kai miliyoyi ba za ta karɓo wa mai ita bashin buhu biyar na taki daga kowace cibiyar kuɗi ba, ko mai ruwa ko marar ruwa, dole sai ya miƙa ta ga maƙwabci mai hali. Rashin rajista kuma shi ke ba marar tsoron Allah damar sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, abin da ke ƙaruwa duk lokacin da aka shiga matsi. Gwamnatoci idan suna maganar gidaje, manyan rukunai suke nufi irin Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a Kano tsakanin 2011 da 2015, waɗanda suke da nasu amfanin ga masu iya saye. Amma abin da zai hana gona barin hannun mai ita ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da wannan: asibitin da ba sai an sayar da sa ba kafin a yi tiyata, da bashin taki marar ruwa da zai iso a watan Mayu maimakon Agusta, da rajistar gona mai arha a sakatariyar ƙaramar hukuma.

A 2025 al'amarin ya juya ta wata fuskar. Bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, da kuma damina mai kyau, farashin masara da shinkafa da gero ya sauko sosai, amma taki da fetur da kuɗin ƙwadago ba su sauko tare da su ba. Mai saye a birni ya sami sauƙi, amma waɗanda suka kama hayar fadama da tsada, suka yi noma da bashi bisa lissafin farashin 2024, da yawansu ba su mayar da uwar kuɗi ba. Wannan ya nuna cewa kasuwar gona ta fi bin tazarar da ke tsakanin kuɗin buhun taki da na buhun hatsi fiye da alƙaluman da ake fitarwa daga Abuja. Idan tazarar ta ci gaba da matsewa, manoman birni da suka shigo don riba su za su fara janyewa daga haya, tunda suna da wata sana'ar da za su koma, kuma kuɗin haya zai sauka kafin farashin sayarwa ya nuna alamar komai. Waɗanda suka sayi gonaki don ajiyar dukiya ba za su saki ba, domin babu abin da ke matsa musu, sai dai su nemi wanda zai noma musu a raba amfani, kuma masu karɓar irin wannan noma a Kura da Auyo galibi waɗanda suka sayar tsakanin 2016 da 2024 ne, ko 'ya'yansu.